Munduwar Da Ta Ƙi Fita

Ranar Talata da hantsi munduwar ta fita daga hannun Daw Saw Nyunt, bayan shekara hamsin da huɗu tana maƙale a wurin. Babbar 'yarta, Ohn Tin, ce ke yi mata wanka a tsakar gida, gefen randa. Ta sauke hannun tsohuwar ke nan za ta ɗebo ruwa, sai abin ya sulale kan kumfar sabulu ya nufi siminti. Sa'a ɗaya, hannun Ohn Tin ya saba da cafe dutse mai santsi. Ta cafe ta saura ƙiris.

"Ame," ta ce, yadda suke kiran uwa, "kin gani? Ta fita."

Tsohuwar ta dubi wuyan hannunta, inda wani farin zane ya kewaye fatar, wurin da rana ba ta taɓa gani ba tun tana amarya. "Nama ya ƙare, ai dole ta fita," in ji ta. "Sa ta a gwangwanin shayin nan ki ajiye, har Thuza ta zo."

Har Thuza ta zo. Thuza, ƙanwar Ohn Tin. Ohn Tin ta ƙarasa wankan, ta ɗaura wa uwar zani, ta niƙa icen kwalliya na thanaka a kan dutse ta shafa mata a kumatu, duk kalmomin nan huɗu suna ta kai-kawo a kanta. Ba yarinya ba ce ita, shekararta hamsin da ɗaya, ta san ma'anar a ajiye abu har wance ta zo.

Munduwar ta koren dutse ce, marigayi ubansu U Ba Kyaing ya yanka ta da hannunsa daga dutsen da ya fi kowane kyau cikin waɗanda suka taɓa ratsa rumfarsa. Ba kore ce shar ba. Fara-fara ce mai ruwa-ruwa, sai wani kore da ya ɗauko daga gefe ɗaya ya bazu har rabi. Al'adar gidan kuwa daga kakarsu ta wajen uba ta fito, wadda ta gangaro daga yankin Yunnan, can arewa: munduwa in ta shiga hannu ta shiga ke nan, da ita ake wanka, da ita ake haihuwa, in kuma ta fashe to wata masifa ce ta tare wa mai ita. Ohn Tin ba ta san muryar uwarta ba tare da ƙarar munduwar nan ba. Tana buga turmi, tana buga bakin tukunya, tana buga ƙeyar yaro in ya yi rashin ji.

Ita Ohn Tin aikinta goge mundaye ne a kasuwar koren dutse ta birnin Mandalay. Tun tana 'yar shekara goma sha bakwai take zaune a kan benci ɗaya, ƙafa na taka feda, gora na juyawa, ruwa na ɗiga, tana murza dutse har sai mutum ya ga fuskarsa a jiki. Dubban mundaye sun bi ta hannunta, ko ɗaya ba ta taɓa sawa ba, don mai guga ba ta sa abin hannu. Aikin ya ci hannuwan. Gaɓoɓin sun yi kauri, tafin ya yi kanta, babban yatsa ya baje. In ta miƙa wa mai sayar da kayan miya hannu karɓar canji, takan yi saurin janyewa.

Ƙanwarta Thuza kuwa alli ne kawai ya taɓa ɓata mata hannu. Ƙafar Ohn Tin ce ta taka feda har ta gama jami'a, yanzu tana koyar da Turanci a Yangon, tana zuwa gida sau ɗaya a shekara, lokacin bikin fitilu na Thadingyut, sa'ad da kowa ke komawa ya durƙusa wa iyayensa. Kwana uku take yi. A kwana ukun nan tsohuwar da ke wuni tana kukan gwiwa sai ta miƙe ta warke sarai, har waƙa take yi. Ohn Tin ta daɗe da lura da wannan, kuma ba ta taɓa yafewa ba.

Ranar Alhamis Thuza ta sauka daga motar safe, da jaka mai taya da ƙamshin turare.

"Ma Gyi! Kin ƙara ƙiba, ko idona ne?" in ji ta, da sunan da ƙanne ke kiran babbar yaya.

"Idonki ne. Cire takalmi, yanzu na goge wurin."

Suka zauna cin kwaɗon ganyen shayi da soyayyen wake. Tsohuwar ba ta bari an ci loma uku ba ta ce a ɗauko gwangwanin. Ohn Tin ta ɗauko, ta ajiye shi da ɗan ƙarfi. Thuza ta zaro munduwar ta ɗaga ta saitin taga, haske ya ratsa ta, ta yi wani ɗan ƙara na jin daɗi. Daga nan sai malantar ta motsa, don Thuza ba ta iya ganin abu ba tare da ta yi masa darasi ba.

"Kun san Turawa ba su da sunan irin wannan sai da suka aro a bakin Indiyawa? Ɗaya sunan kuma da suke da shi na abin hannu, a zamanin da har ƙarfen da mayaƙi ke ɗaurawa ya kare masa wuyan hannu da shi suke kira. Can daga baya 'yan sandansu suka riƙa kiran ankwa da shi, don ba'a. Na koya wa 'yan ajina wancan watan, suka yi ta dariya."

"Ji ilimi," in ji tsohuwar, tana kallonta baki buɗe.

"To malama," Ohn Tin ta ce, "da Turanci yaya ake cewa mutum ya tashi ya wanke kwanon da ya ci abinci?"

Thuza ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. Ta tattara yatsunta ta zura su a munduwar. Ba sabulu, ba leda, ba ko yamutsa fuska. Abin ya wuce sulul har kusan gwiwar hannu, da ta sauke hannun kuma ya dawo ya tsaya a kan gaɓoɓi yana lilo.

Ohn Tin ta bi munduwar da ido. Shekara talatin da huɗu tana kallon hannun mata, daga nesa take sanin awon kowace.

"Ta yi miki yawa," ta ce. "Yatsa uku zai shiga tsakani. Mu a kasuwa in mace ba ta yi ƙwalla wajen sawa ba, ba ma son sayar mata, mun san mako biyu za ta dawo da gutsattsari a ƙyalle."

"Haba Ma Gyi, ai ba sawa zan riƙa yi ba. Ina ni ina dutse a hannu ina rubutu a allo? Kabad ɗin gilashina zan sa ta, kusa da hoton Baba."

"Kabad?"

"Eh mana. Mai makulli ne."

"Dutsen nan jiki yake so. Zafin fata ne ke riƙe masa ruwansa. Ki kulle shi shekara biyu ki gani in bai dushe ya koma kamar gindin kwalba ba."

"Ke dai kin cika tsegumi," in ji tsohuwar. "Thuza, mayar da ita gwangwani. Gobe in kun gama durƙusa mini, ni zan sa miki ita da hannuna."

Ohn Tin ta kwashi kwanukan ta fita. A bakin famfo ta wanke su da ƙarfin da bai kamaci kwano ba. Kishi take yi, kuma ta san kishi ne, ba ta tsaya yi wa kanta ƙarya da wani suna ba. Shekara goma sha biyu ita ke ɗaga tsohuwar nan, ita ke kwantar da ita, ita ta san wace ƙwayar magani ce ta safe, wace ce ke sa ta amai. Manemi biyu ta sallama saboda ba wanda za ta bar wa gidan. Amma ga shi za a ɗauki abin da ya fi komai daraja a gidan a ba wa baƙuwar kwana uku, ta kai shi kabad ya zauna da kofunan da ba a shan shayi da su.

Washegari da safe tsohuwar ta ce ita wurin ibada za ta, ta kai furanni. Wata shida Ohn Tin na lallashinta ta fito ko bakin titi ne ta sha iska, tana cewa gwiwa. Yau ga ta ta sa farar riga ta soka fure a gashi, Thuza na riƙe da ita, sun tsayar da babur mai ƙafa uku.

"Ke ki tsaya ki yi mana girki," in ji uwar. "Thuza na son miyar kifin nan taki."

Ta ɗora miyar. Ta wanke shinkafa. Sannan ta tsinci kanta a ɗakin uwar, gwangwani a hannu. Ta ce wa ranta gogewa kawai za ta yi, ai ba a ba da munduwa da dattin shekara hamsin. Ta goge ta da tsumma mai laushi, ciki da waje. Ta ga 'yar tsagar nan da ta samu shekarar da tsohuwar ta faɗi a kan matakala, ta ga inda turmi ya ɗan cinye gefe. Ta ɗora ta a kan gaɓoɓin hannunta na hagu ta auna. Ta yi mata kaɗan, amma ba da yawa ba. In da wata ce ta zo rumfa da irin wannan hannun, da Ohn Tin ta ce mata, "Za ta shiga, amma ki sani ba za ta fito ba."

Ta san da haka. Wannan shi ne abin da ba za ta iya musu ba daga baya. Ta sani sarai, amma ta ce bari dai ta gani, sau ɗaya, minti ɗaya, yadda za ta yi a hannunta.

Ta tsoma hannun a ruwan randa mai sanyi har ya ɗan motse. Ta zura shi a leda, ta mulke ledar da sabulu. Ta kafa gwiwar hannu a kan tebur, ta lanƙwasa babban yatsa cikin tafi yadda take koya wa masu saye, ta ɗora munduwar ta danna. Munduwar ta tsaya cak a kan gaɓoɓi. Nan ne mata ke cewa a bari, a bari, ita kuma takan ce musu su kalli wancan gefen. Ta kalli bango, ta cije leɓe, ta sa dukkan ƙarfin hannun dama. Wani zafi ya tsarga mata har ƙeya, ledar ta yage, fatar gindin babban yatsa ta saluɓe. Sai ji ta yi dutse mai sanyi ya zauna mata a wuyan hannu.

Kai, ta yi kyau! Ohn Tin ta tsaya tana kallo, ƙwalla na zuba, jini na tsattsafowa. Ba lilo, ba matsi, yatsa ɗaya ne ke shiga tsakani, daidai yadda ake so. A kan baƙin hannun nan mai kanta koren ya fito fiye da yadda ya fito a na Thuza. Ta juya hannun, ta sake juyawa. Ta buga shi a hankali a gefen tebur don ta ji ƙarar.

Ƙaurin miya ne ya dawo da ita. Ta ruga ta sauke tukunya, ta dawo ta sake sabulu. Ina! Hannun ya riga ya fara kumbura. Ta gwada man gyaɗa. Ta je shagon mai shayi ta karɓo ƙanƙara a kofi, ta ce ta ƙone ne. Ta naɗe hannun da zare tun daga yatsu don ta kori kumburin, ta ɗaga shi sama har kafaɗa ta gaji. Duk dabarar da ta sani ta ƙare, munduwar ko gaɓar farko ba ta hau ba, hannun kuwa sai ƙara tashi yake. Tana cikin haka ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ta mayar da gwangwanin wurinsa babu komai ciki, ta zura rigar sanyi mai dogon hannu, ta tura munduwar can sama ƙarƙashin hannun rigar.

"Ma Gyi, lafiya? Rigar sanyi a wannan zafin?" Thuza ta tambaya suna cin abinci.

"Mura ke son kama ni."

"Miyar ma ta ɗan kama."

"In ba ta yi miki ba, akwai gidan abinci a bakin titi."

Hannun hagun yana ƙarƙashin tebur yana zuga. Ta yi ta saƙa da warwara. Ta ce ɓarawo ya shigo? Wane ɓarawo ne zai bar rediyo ya buɗe gwangwanin shayi? Ta gudu kasuwa a yanke ta da injin? Ko ƙarasa tunanin ba ta yi ba ta watsar da shi. Har la'asar ta yi ba ta samu mafita ba.

Suka zaunar da tsohuwar a kan kujerar katako. Suka ajiye tire a gabanta, ayaba da kwakwa da kyandir da sabon zani. 'Ya'yan biyu suka durƙusa, kafaɗa da kafaɗa. Abin da Ohn Tin ta manta, ita da ta yi wannan durƙuson sau hamsin, shi ne ba a yin sa da hannu ɗaya. Dole ka haɗa tafi biyu ka ɗaga su goshi, sannan ka sauke su ƙasa ka kifa kai, sau uku, kana neman gafarar abin da ka yi da jiki da baki da zuci. Ta ɗaga hannu, ba abin da ya faru. Ta sauke su ƙasa, munduwar ta gangaro daga cikin riga ta bugi daɓen katako.

Ƙwas.

Ba wanda ke gidan da bai san wannan ƙarar ba. Ohn Tin ta bar goshinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ma Gyi," in ji Thuza a hankali. "Mene ne wannan? Kai, dubi hannunki!" Sannan ta ce, "Ai da kin tambaye ni."

Da ba ta faɗi wannan ba, wataƙila da Ohn Tin ta ba da haƙuri.

"In tambaye ki? Ke? In roƙe ki abin uwata? Ke wa kika tambaya da kika kwashi jaka kika tafi kika bar min ita? Eh, na sa. Kishi nake yi, kin ji na faɗa. Tun jiya nake yi, tun bara nake yi, tun ranar da aka ɗinka miki kayan makaranta ni aka ba ni benci." Ta fizge rigar sanyin ta jefar, ta shimfiɗa hannun a ƙasa. "Ba za ta fita ba. Na sani tun kafin in sa. Ga guduma can a akwatin Baba. A naɗe ta da tsumma a buga sau ɗaya, sai ki kwashi gutsattsarin ki kai kabad."

"Kawo hannun nan," in ji tsohuwar.

Ohn Tin ta matsa da gwiwa ta miƙa. Tsohuwar ta juya hannun, ta duba inda ya saluɓe, ta zura yatsa ɗaya tsakanin dutse da fata.

"Haka nawa ya yi ranar da ubanku ya sa mini. Kwana uku ban iya riƙe ludayi ba. Hannuna ne da ke, ai na sani."

"Kin sani? To don me, Ame?"

"Ke kina da ni kullum. Ita me take da shi nawa a can?"

"Ina da tarinki da wankinki da faɗanki," in ji Ohn Tin. "Su nake da su."

Maganar ta fita, ba ta komuwa. Tsohuwar ta dube ta, ba fushi a fuskar, sai dai wani abu ya rufe a cikinta. Ta saki hannun a hankali.

"Ba a fasa ta," ta ce. "Ta shiga, ta shiga ke nan. Taki ce. Ku ƙarasa durƙusonku."

Suka ƙarasa. Tsohuwar ta fara sa musu albarka kamar kowace shekara, ku yi tsawon rai, ku rabu da ciwo, na yafe muku abin da na sani da wanda ban sani ba. Tana cikin yi ta miƙa hannu ta kamo wuyan hannun Thuza, wanda ba komai a kai. Ta kewaye shi da babban yatsa da manuni har suka haɗu. Ta gama addu'ar ba ta saki ba. Thuza ta kifa kai a gwiwarta tana kuka, tsohuwar na ce mata ya isa, ya isa, yatsun nan biyu suna nan a kewaye.

Ohn Tin ta tashi ta ɗauki tiren ta fita. Maƙwabta sun fara jera kyandir a kan katanga, yara na ta ihu a titi. Ta zauna a bakin famfo ta jawo tukunyar da ta kama ta fara kankarewa. Duk motsin da ta yi, munduwar sai ta bugi bakin tukunyar, da ainihin ƙarar da ta tashi tana ji. Tata ce yanzu, har ta mutu, ba mai karɓa.

Ta waiga ta ƙofa. Har yanzu tsohuwar na riƙe da hannun ƙanwarta. Ohn Tin ta dubi koren dutsen da ke kan kumburarren hannunta, ta san cewa da za a ce mata ta zo a riƙe nata haka, ko na minti ɗaya ne, da ita da kanta za ta je ta ɗauko gudumar.